Maharbin Bisa Itace da Hukuncin Abin da Ya Harbo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kowace shekara, da an kau da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya buso, sai maharba su shiga gyaran bindigoginsu. Daga wajen Kawo da Mando da Rigachikun, har ƙauyukan da ke bin gaɓar kogin Kaduna, akwai masu fita neman gada da mazo da batsiya. Lokacin kuwa ba a banza aka zaɓe shi ba: ruwa ya janye daga ƙoramu, dabba ba ta da makawa sai ta zo mashaya. Sai maharbi ya ɗaura 'yan sanduna tsakanin rassan itacen da ke kallon mashayar, ya hau tun la'asar, ya yi kwanto. Naman kuwa ƙarshensa kasuwa, an bandace shi, ba kai ba fata. Don haka zancen ya shafi fatake, ya kuma shafi malaman da za a zo a tambaya.

Farauta don neman abinci halal ce, amma ta shagali kurum makaruhi ce, kamar yadda duk ɗalibin da ya karanci Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya sani. Game da bindiga, magabata ba su bar nassi ba, zama ba ta bayyana ba a zamaninsu. Malaman baya suka yi saɓani, har jama'a daga malaman Fas, irin su Shehu Abdulƙadir Alfasi, suka halatta abin da harsashin dalma ya kashe, domin yana huda jiki ya zubar da jini. Abin da dutsen danƙo ko sanda ya buge ya mutu kuwa mushe ne. To, ashe halaccin ya rataya ne a kan rauni mai zubar da jini, tare da niyya da ambaton sunan Allah lokacin harbi. Tun da haka ne, wurin da harsashi ya shiga ba zancen gwaninta kaɗai ba ne, fiƙihu ne.

Zuciyar dabba tana ƙasa-ƙasa cikin ƙirji, daidai bayan ƙafar gaba, huhu biyu kuma suna kewaye da ita ta bisa. Maharbin kirki yakan haƙura sai dabba ta ba shi gefe, kana ya auna bayan kafaɗa, kamar sulusin jiki daga ƙasa. Wadda aka sama a nan ba ta nisa. Ko ta zabura, zai ga inda ta faɗi, ko ya ji. Amma mai gaggawa, wanda ya harbi ciki ko cinya, ya jawo wa kansa mas'ala. Dabbar za ta shige duhuwa da rauninta, dare ya rufa, sai da safe a tsince ta, watakila ma ungulu ce ta nuna wurin. Mashahurin zance cikin mazhabar Maliku shi ne, abin farautar da ya ɓace wa mai shi har ya kwana, kana aka same shi matacce, ba a cinsa, domin ba a san abin da ya ƙarasa shi cikin dare ba. Haka ƙafar da harbi ya cire, dabba ta tsere da rai, ita ma mushe ce. Masu son harbin kai suna ganin burga ce, alhali kan gada ɗan mitsitsi ne, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kuskure kaɗan sai muƙamuƙi ya karye, dabba ta yi kwanaki tana mutuwar yunwa. Ina wannan, ina umurnin kyautata kisa da ya zo a hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda yara ke haddacewa cikin Arba'una?

Wanda ke bisa itace kuma yana da wani lissafi na dabam. Harsashinsa daga sama yake gangarowa, saboda haka sai ya ɗan ɗaga wurin shiga, don ya ratsa tsakiyar ƙirji ya fita ta ƙasa. Kadan dabba ta zo gindin itacen sosai, harbin yakan sami huhu ɗaya tak, ta kuwa iya tafiya mai tsawo da shi. Gara ya ƙyale ta ta ɗan matsa. Bindigar toka da aka ɗura wa guntayen ƙarafa ba ta da amana daga nesa, watsewa take yi. Kuma Muhtasar na Shehu Halilu ya kawo cewa mai sakaci wajen bin abin da ya harba, ko wanda ya bar wuƙarsa hannun wani ko cikin jaka, har dabba ta mutu alhali da ya iya riskarta ya yanka, ba zai ci ba. Watau wanda ya ɗare ƙololuwar itace, saukowarsa sai an jima, wuƙa kuma tana can ƙasa cikin burgami, shi ya san matsayin namansa.

Akwai wata mas'ala da ta fi wannan nauyi. Wanda ya harba yana zaton gadu ne, sai ta fito gada, bai halatta ya ci ba, don bai nufi halal ba. In shari'a ta tsananta haka a kan nama, yaya ke nan wanda ya ji motsin ciyawa da almuru ya danna kunama? Mashayar da mazo ke zuwa, nan yaron Fulani ke kawo shanu, nan mata masu itace ke ratsawa. Ga shi daji ya canja. Tun kafin a sace ɗaliban makarantar gandun daji ta Afaka a 2021 mutane suke tafiya a tsorace, kowa hannunsa kusa da makami.

Sai kuma ran maharbin kansa. A Amurka, inda ake hawa irin wannan gado don harbin barewarsu lokacin kaka, an daɗe da lura cewa faɗowa ta fi harsashi raunata masu wannan sana'a, shi ya sa suke ɗaure jikinsu da gindin itace tun daga hawa har sauka. Maharban nan kuwa da yawa suna ganin igiya abin kunya ce, sun dogara ga laya da guru. Sanyin asuba ba ya sanin laya. Gyangyaɗi ɗaya ya isa, balle ga naushin bindiga a kafaɗa. Wanda ya tambayi Annabi game da raƙumarsa, umurtarsa aka yi ya ɗaure ta, kana ya yi tawakkali. Reshen kuka ruwa-ruwa ne, bai kai na tsamiya ko marke ƙarfi ba, busasshen reshe kuwa ko na wane itace ne ba abin takawa ba ne. Sandunan bara gara ta ci su, igiyar bara rana ta cinye ta. A duba kogo da rana saboda zuma da maciji. Kada a hau da bindiga a ɗure rataye a kafaɗa. A hau hannu sake, a jawo ta da igiya bakinta na kallon ƙasa. A kuma gaya wa wani a gida sunan mashayar da lokacin komowa, domin wanda ya karye a baya ba ya iya kiran kowa.

Hukuma ma tana da nata haƙƙi. Tun 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji a nan Kaduna, dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari kuma ya zama gandun tarayya a 1999, ba a farauta cikinsa. Mai harbin mace mai ciki, ko mai cinna wa daji wuta don bushiya da gafiya, shi ne zai zauna bisa itace baɗi har gari ya waye bai ga komi ba.

Falke mai sayen banda ba a ɗora masa binciken kowace tsoka ba, asali a kyautata zato ga Musulmi. Amma in maharbi da bakinsa ya ce sai da safe ya tsinto ta, to, mai saye ya riga ya ji, bai kuwa halatta ya kai ta Kasuwar Kawo ya sayar wa wanda bai ji ba.

Haza wasalam.