Waiwaye: Inda Turanci Ke Rataya Jam'insa

A makarantun firamare na ƙasar Haɗejiya a zamaninmu, hadda ake sa mu yi wa jam'in kalmomin Turanci. Malam ya rubuta mother-in-law, ya sa mothers-in-law a gefensa, mu yi ta maimaitawa. Wanda ya kai harafin s can ƙarshe ya sha bulala. Dalili kuwa ba a taɓa faɗa mana ba, alhali da shi muka taso a bakinmu.

Ɗan masunci daga Guri ko Kirikasamma ba zai ce jirgin ruwaye ba, jiragen ruwa zai ce. Sarkin ruwa ya zama sarakunan ruwa, gidan sauro ya zama gidajen sauro. Ya san abin da ya ƙaru, sai ya ɗora jam'in a kansa. Haka Turanci ke yi a passers-by da commanders-in-chief da heads of state. A ganina malamin da ya fara darasin daga bakin kogin Haɗejiya zai gama shi kafin a kaɗa ƙararrawa.

Yaron da ke kai s ƙarshe ma ba sakarci ya yi ba. Yawancin harɗaɗɗun sunayen Turanci a ƙarshe jigonsu yake, kamar fishing nets da river banks, akasin Hausa da ke sa jigo a gaba. 'Yan tsirarun da suka saɓa wa wannan su ne masu kayar da ɗalibi, kuma wasunsu baƙi ne. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, harshen Faransanci ya mamaye fada da kotu, ya bar muƙamai da sifa ke bin bayan suna, yadda mu ma muke cewa riga fara. Shi ya sa Lugga, wanda ya hau muƙamin a 1914, da Azikiwe, wanda ya hau a 1960, governors-general ne, manyan lauyoyin gwamnatin jihohi kuma attorneys general.

Sai dai ƙa'idar ba ta kai ko'ina ba, kamar yadda mu ma muke cewa masu unguwanni, mu jam'anta duka biyun. A soja major generals ake cewa, domin a nan general shi ne sunan. Cikin cokali kuma spoonfuls ne, tunda awon ake ƙirgawa, cokalin yana iya zama ɗaya tak.