Faɗowa daga bishiyar dabino a Dutse: bayan jaje, a yi tambaya

Duk wanda ya san harkar dabino a Dutse ya san ba daga ƙasa ake yin ta ba. Sai an hau an ɗaura furen namiji a jikin na mace, a sake hawa a gyara, sannan a koma a yanko nonon dabinon idan ya nuna. Hawa ne tsakanin ƙayoyi, sau da yawa ba tare da wata igiyar kirki ba.

Idan tsautsayi ya gitta mutum ya faɗo, an san abin da ke biyo baya. A cika gida da jaje, a ce ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba. Wannan daidai ne. Matsalar ita ce a nan maganar take mutuwa. Wanda ya tambayi yadda aka yi, kallon marar tausayi ake yi masa.

Alhali a cikin tambayar amfanin yake. Igiyar ce ta tsufa? Kututturen da ya taka ne ya ruɓe? Bayan ruwan sama ya hau, ko da rana tsaka ga yunwa ga gajiya? Yaro ne aka tura don ya fi araha? Yaya aka ɗauke shi? Mai rauni a ƙashin baya, idan aka naɗe shi a kan babur, ana iya ƙarasa lalata abin da faɗuwar ta bari.

A Amurka, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta American Alpine Club tana fitar da rahoton haɗurra duk shekara tun 1948: abin da ya faru, inda aka yi kuskure, da abin da ya kamata a yi. Ba don a tozarta kowa ba.

Jigawa ma ba baƙuwar bincike ba ce. Da tankar mai ta yi bindiga a Majiya a Oktoban 2024, Gwamna Umar Namadi ya kafa kwamiti. Sai dai mai hawan dabino shi kaɗai yake faɗowa, babu mai kafa masa kwamiti.

Ba ma sai an jira gwamnati ba. Manoman dabino, masu unguwanni da tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse za su iya buɗe littafi guda. Bayan sadakar uku, a zauna da wanda abin ya faru a gabansa, a rubuta ba tare da suna ba, a karanta wa matasa kafin hawan baɗi.