Mannewar gaban ɗiya mace: aska ba magani ba ce

Ƴan uwa masu karatu, akwai lalurar da kunya ke hana mu faɗi. Uwa tana yi wa ɗiyarta wanka, sai ta ga gabanta ya rufe. Hankalinta ya tashi. Kaka ta duba, ta ce angurya ce, a kira wanzami. Ni kuwa na ce a dakata.

Ga abin da ya faru. Ƙananan leɓɓa biyu na gaban yarinya ne suka manne da juna. A tsakiyarsu ana ganin wani siririn layi kamar tantani. An fi samun haka daga wata 3 zuwa shekara 6. Ba haka aka haife ta ba. Ba aikin iska ba ne, kuma ba zai hana ta aure ko haihuwa ba.

A waɗannan shekaru, sinadarin mata da ake kira istirojin kaɗan ne a jikin yarinya. Saboda haka fatar wurin ba ta da kauri. In fitsari ko kashi ya daɗe cikin tsumma, ko sabulu mai ƙarfi ya ci wurin, fatar takan saɓule. Garin warkewa sai gefen biyu su haɗe.

A gidan likita, da ido kawai ake gane shi. In yarinya tana fitsari lafiya, sau da yawa ba a taɓa komi. Yakan buɗe da kansa yayin da take girma. In akwai damuwa, lokotoro yakan rubuta man shafawa mai istirojin. Uwa ta riƙa shafa ɗan kaɗan bisa layin, na ƴan makonni. Bayan ya buɗe, a ci gaba da shafa basilin, domin yakan sake mannewa.

In fitsari yana fita da ƙyar, ko tana kuka wajen yin sa, ko zazzaɓi ya biyo, kada a kwana. A kai ta likita a ranar. In ya kama a raba wurin, lokotoro ne zai yi, bayan ya kashe zafi.

Wani zai ce tun kaka da kakanni wanzami ke wannan aiki. Muna girmama wanzamanmu. Amma aska tana jawo zubar jini da ciwon dahi. Tabon da take bari yana iya rufe wurin fiye da da. Garin neman gira kada mu rasa ido. Kuma tun 2003 dokar Nijar ta hana yankan gaban mata, har da ɗauri ga mai yi.

Uwaye, ku wanke wurin da ruwa tsabtatacce, daga gaba zuwa baya. Ku sauya tsumma da zarar ya jiƙe. Kada ku ɓamɓare da yatsa. Maigida, kada ka zargi matarka, ka raka ta gidan likita.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuri'a.