Injin Iska: A Gyara Kome, Amma Ban Da Facin Tanki

Yanzu da wuya a sami babban ƙauyen da ba a jin ƙarar injin iska, watau kwamfuresa, ko a rumfar mai faci ko a zauren wani manomi. Da shi ake ba tayar tarakta da ta amalanke da ta babur iska, da shi kuma ake hure ƙura daga injin niƙa. Ran da ya tsaya, musamman a farkon damina, sai huɗa ta tsaya, kaya kuma su kwana ba su kai kasuwa ba. Galibi ƙaramin abu ne ke tsai da shi, wanda mai shi zai iya ganowa da kansa. Amma abin da ke iya kisa a jikinsa, shi aka fi yi wa sakaci.

Kafin a taɓa kome, tilas a cire wuta ko a kashe inji, sa'an nan a saki iskar tanki duka har allurar agogonsa ta koma sifiri.

In inji yana aiki amma tanki yana daɗewa bai cika ba, sai a fara duba matatar da ke bakin shan iska. Ƙurar hunturu takan toshe ta, inji ya yi ta wahala kamar mai mura. A kakkaɓe ta ko a sake sabuwa. Daga nan a danna bel da yatsa: in ya lotsa fiye da rabin inci, ya yi sako-sako, a ɗaure shi. In duk waɗannan lafiya suke, a tara iska, a kashe inji, a shafa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa. Inda kumfa ya tashi, nan iska ke zurarewa. Sai bayan an gama wannan duka ya kamata a buɗe kan inji a duba bawul da gaskit.

In kuwa injin na lantarki ne, yana gunji amma ya ƙi juyawa, to, a saki iskar tanki a sake kunnawa. Idan ya tashi, laifin yana ga bawul ɗin da ke hana iska komowa daga tanki, ko kuwa ɗan bawul ɗin da ke sauke iskar bututu sa'ad da inji ya tsaya. Sau da yawa datti ne kawai, wankewa ta isa. Idan bai tashi ba, a duba ko wuta ta yi rauni, ko an ja ta da doguwar waya siririya. Kada a bar shi yana gunji, domin ƙonewa zai yi. Mai kuma a duba shi kowace safiya, a ajiye inji a inuwa inda iska ke kaɗawa.

To, sai batun tanki. Iskar da inji ke sha tana ɗauke da laima, in an matse ta ta huce sai ruwa ya kwanta a ƙasan tanki, ya fi yawa kuwa da damina. Ruwan nan shi ke kawo tsatsa, tsatsa kuma daga ciki take cin ƙarfe, waje yana ƙyalli da fenti. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tanki. A buɗe shi kowace yamma bayan an tashi aiki. Aikin minti 1 ne.

Wani zai ce sabon tanki da tsada, in tsohon ya huje ai sai a kai wa mai walda. Gaskiya ne da tsada, amma a yi lissafi. Ƙananan injuna sukan tara iska har laba 120 a kan kowane murabba'in inci. Watau kowane murabba'in ƙafa na jikin tanki yana ɗauke da nauyin laba 17,280, fiye da tan 7. Inda tsatsa ta huda waje ɗaya, ta riga ta cinye kewayensa, zafin walda kuma sai ya ƙara raunana shi. Irin wannan tanki in ya tashi fashewa ba ya sallama, kuma rumfar faci ba ta rabuwa da yara da masu jiran taya.

Haka nan masu ɗaure bawul ɗin tsaro da waya don wai yana ɓarnar iska. Shi ne kaɗai mai ceto ran da makunnin da ke kashe inji ya ƙi aiki. A riƙa jan zobensa lokaci lokaci a tabbata bai cije ba. In ya lalace a sayi sabo daidai da shi.

Saboda haka matata, bel, bawul da gaskit duk a gyara su. Tankin da ya huje kuwa, a sare shi a yi wa awaki kwamin ban ruwa. Kuɗin tanki a kan mai da shi a kaka ɗaya, rai kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Allah ya kiyashe mu, amin.