Ajin nazire ma malama mai takarda yake buƙata

A makarantun kuɗi da yawa na unguwannin Kano da Kaduna da Zariya, rabon azuzuwa hanya ɗaya yake bi. Mai digiri a ba shi 'yan aji shida masu shirin jarrabawar shiga sakandare, mai NCE ya riƙe na tsakiya, ajin nazire kuwa a damƙa wa yarinyar da ta gama sakandare bara, tana zaman jiran gurbin jami'a. Hujjar mai makaranta ita ce ai ba wani karatu ake yi a can ba, daga waƙa sai share majina da raka yara ban ɗaki. Da wannan hujja ake yanka mata albashin da ya fi na kowa ƙanƙanta.

Ba haka hukuma ta tsara ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ajiye NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga aji da sunan malami. Dokar UBE ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, bugun manufar na 2013 kuma ya tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa malamai rajista, tun 2017 kuma sai an zauna jarrabawarta. Kwalejojin ilimi da dama suna da sashen da ake shekara uku ana karanta renon ƙananan yara da koyar da su, har da fita koyarwar gwaji.

Amfanin wannan karatu a bakin ƙofar aji ake ganinsa, lokacin tashi. Uba ya zo ɗaukar ɗansa mai shekara uku, ya zazzage jaka bai ga aikin gida ba, ya haɗe rai: "Malama, kuɗi fa nake biya. Ɗan maƙwabcina ɗaya zuwa ɗari yake rubutawa." Wadda ba ta yi karatun ba sai gabanta ya faɗi. Kashegari ta danne hannun yaro a kan fensir, yana hawaye tana ja, har shafi ya cika. Wadda ta yi karatun kuwa cewa za ta yi: "Alhaji, a yi haƙuri, yatsunsa ba su yi ƙwari ba tukuna. A bar shi ya murza laka, ya zura duwatsu a zare, ya yi zane a yashi. In hannun ya nuna, rubutu ba zai ba shi wuya ba." Ta san dalilin abin da take yi, don haka muryarta ba ta rawa. Uban ko bai gamsu nan take ba, ya gane da ma'abociyar sana'a yake magana.

Malamar da ta yi karatun ce kuma za ta lura da yaron da ake kira ba ya waiwayowa, ta ce a kai shi a duba kunnensa, inda wata za ta ce taurin kai ne ta ɗauko bulala.

Akwai kuma shaida daga bincike. A garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, an fara wani gwaji a 1962 da ake kira shirin Perry. Cikin yara 123 'ya'yan talakawa, an sa 58 a ajin share fage, kuma malamansu duk masu digiri ne da shaidar koyarwa, kowacce da yara biyar ko shida, suna ziyartar gidajen yaran mako-mako. An bi diddiginsu har suka kai shekara 40: sun fi sauran gama sakandare da samun kuɗin shiga, kuma kamun 'yan sanda bai kai na sauran ba. James Heckman, masanin tattalin arziki mai kyautar Nobel, ya ƙiyasta ribar kuɗin da aka zuba da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a shekara.

Masu cewa takarda ba ita ce koyarwa ba suna da abin kafa hujja. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da ita, amma ta tona asirin yadda ake ɗaukar malamai da yadda wasu takardu ke fitowa. Maganin wannan shi ne a tsaurara wa kwalejin da ke bayarwa, ba a daina tambayar takardar ba. Ga kuma makarantun da aka rangaɗa wa allunansu sunan Montessori a lungu-lungu, alhali ba ko mutum ɗaya a ciki da ya taɓa koyon tsarin da wata likita 'yar Italiya mai wannan suna ta fara a birnin Rum a 1907.

Sai batun aljihu. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa a nan suka faɗa. Mai NCE ba za ta zauna a kan kuɗin da ko na adaidaita sahu bai isa ba.

Korar 'yan matan da ke riƙe da azuzuwan yanzu ba mafita ba ce, don cikinsu akwai masu haƙuri da son yara da ba a koyar da shi a kwaleji. Cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna tana nan tun 1976, tana ba malamai damar yin NCE suna bakin aikinsu. Jihohi su sa wannan cikin sharuɗɗan sabunta lasisin makarantun kuɗi, da wa'adi bayyananne, mai makaranta ya ɗauki wani kaso na kuɗin karatun. Iyaye kuma, kafin su biya kuɗin zango mai zuwa, su nemi ganin malamar ajin ɗansu, su tambayi shugaban makaranta abin da ta karanta da lambar rajistarta ta TRCN.