Tsibiran Da Dabba Ba Ta Gudun Ɗan Adam

A cikin tekun Fasifik, nisan mil 600 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado ta Amurka ta Kudu, akwai waɗansu tsibirai da ake kira Galafagos. Aman wutar duwatsu ne ya ɓullo da su daga ƙarƙashin teku, shi ya sa gaɓarsu baƙa ce ƙirin, sai ka ce an zubar da kashin maƙera.

Masu zuwa kallo sukan kwana cikin ƙananan jiragen ruwa. Jirgi ya yi tafiya da dare, gari na wayewa a shiga kwale-kwale a sauka wani tsibiri. A nan baƙo zai tarar da tsuntsuwa kwance kan ƙwai a tsakiyar turba, ko gezau ba ta yi, sai dai shi ya kewaye ta. Da hantsi kuma a sa tabarau na ruwa, a kama ɗan bututun shaƙar iska a baki, a kwanta rub da ciki bisa ruwa. Nan da nan 'ya'yan zakin teku za su kewaye mutum, suna alkafura suna leƙen fuskarsa. Can ƙasa ga waɗansu baƙaƙen ƙadangaru masu nutso suna kiwon gansakuka, waɗanda babu irinsu ko'ina a duniya.

To, wannan sakin jiki ba ƙauna ce ta kawo shi ba, rashin sanin tsoro ne. Tsibiran sun yi nisa da babbar ƙasa, kura ko damisa ba ta taɓa isa can ba, ɗan Adam ma sai a 1535 aka fara labarin isarsa. Masanin halittun nan na Ingila, Charles Darwin, da ya sauka a 1835, har ture shaho ya yi daga kan reshe da bakin bindiga, shahon kuwa bai san ya gudu ba.

Amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta. 'Yan fashin teku da masunta na ƙetare sun gane manyan kunkuran tsibiran suna iya yin watanni ba ci ba sha, sai suka riƙa loda su da rai cikin jirage don guzuri, dubbai bisa dubbai. Awaki da ɓeraye da jirage suka kawo suka cinye ciyawa da ƙwai. Kunkuru na ƙarshe daga irin tsibirin Pinta ya mutu a 2012, bai bar baya ba.

A 1959 gwamnatin Ekwado ta mai da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun dabbobi. Tsakanin 1997 da 2006 aka kashe awaki fiye da 100,000, ciyayi suka farfaɗo. Doka ta ce baƙo ba ya shiga gandun sai da ja-gora mai lasin, ba ya taɓa dabba, ba ya ba ta abinci, kuma ya bar tazarar mita 2 tsakaninsa da ita.

Duk da haka da sauran aiki, gama a 2023 baƙi fiye da 300,000 suka ziyarci tsibiran, kowane jirgi kuwa yana iya shigo da ƙwaro ko cuta. Dabbar da ba ta iya gudu ba amana ce a hannun mai kusantarta. Allah ya sa a riƙe ta.