Gadar jirgin ƙasa ba ta son amsa guda ɗaya

A 1977 aka buɗe gadar da ta haɗa tsibiran Koror da Babeldaob a ƙasar Palau, can cikin tekun Fasifik. Tazarar tsakiyarta mita 241 ce, kuma a lokacin babu wata gadar kankare irinta da ta kai haka a duniya. Cikin shekara 18 tsakiyar ta lotsa da fiye da mita ɗaya da rabi, kusan ninki uku na abin da masu zane suka lissafa. Aka yi mata gyara, aka ƙara ɗaure ta da igiyoyin ƙarfe. A Satumbar 1996, 'yan watanni bayan gyaran, ta rufta, mutum biyu suka rasu.

Gadar motoci ce, amma injiniyoyin jirgin ƙasa ne ya fi kamata su kasa kunne.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro ya san yadda azara ke yin ciki a hankali, ba don an ƙara mata kaya ba. Kankare ma haka yake. Yana lotsawa ƙarƙashin nauyinsa, yana tsukewa yayin da yake bushewa, kuma abin ba ya tsayawa cikin shekara biyu ko goma. Bafaranshen injiniya Eugène Freyssinet ya ga wannan tun wajen 1912 a gadar Veurdre, har ya sa jak ya ɗaga tsakiyarta. Abin da har yau ke ba masana wuya shi ne faɗin nawa zai lotsa, kuma yaushe. Laima, zafi, irin siminti, yawan ruwan kwaɓi, ranar da aka ɗora wa kankaren nauyi, kowanne yana da hannu. Gwaje-gwajen da aka gina dokokin zane a kansu kuwa, yawancinsu na 'yan shekaru ne, alhali ana son gada ta yi shekara 100.

Mota takan bi lotsattsiyar hanya ta wuce da ɗan girgiza. Jirgi mai gudun kilomita 300 a sa'a ba ya yafe wannan. Layin Beijing zuwa Shanghai, mai tsawon kilomita 1,318, wanda aka buɗe a 2011, mafi yawansa a kan gadoji yake, kuma da milimita ake auna motsin da aka yarda da shi. Abin mamaki, gajerun gadojin nan sau da yawa sama suke bankarewa, saboda ƙarfin igiyoyin da aka ɗaure su da shi.

Shi ya sa injiniyan da ya miƙa lamba ɗaya tak, ya ce gadar za ta lotsa da kaza, ya faɗi fiye da abin da ya sani. Lissafin yiwuwa ya fi gaskiya. Kwamfuta ta maimaita lissafin sau dubbai, kowane zagaye da laima daban da ingancin kankare daban, sai a samu iyaka ta ƙasa da ta sama, da yiwuwar a zarce su. Idan an fara auna gadar bayan gini, a zuba awon cikin lissafin bisa hanyar masanin lissafi Thomas Bayes, sai tazarar da ke tsakanin iyakokin ta ragu shekara bayan shekara. Masu kuɗin aiki ba sa son jin "mai yiwuwa", gaskiya ne. Amma sun fi ƙin jin cewa an rage wa jirgi gudu.

Sai dai lissafin nan awo yake ci, awo kuma ɓoye shi ake yi. Bayanan gadar Palau sun zauna a kulle saboda shari'a har 2008, sai da Farfesa Zdeněk Bažant na Jami'ar Northwestern da abokansa suka matsa. Da suka bincika, sai ga gomman gadoji a ƙasashe daban-daban da irin wannan ciwo.

Nijeriya ta buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, ana kuma gina na Kano zuwa Maradi. Busasshiyar iska irin ta hunturun Arewa tana ƙara wa kankare tsukewa da lotsawa. Ya kamata kwangila ta tilasta auna kowace babbar gada tun ranar da aka cire katakon gini, a ajiye awon inda malaman injiniya na Zariya da Kano za su iya dubawa.